Fursunan Yaƙi: Takarda Ta Ɓoye, Baki Ya Tona

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Yau za mu waiwayi labarin wasu sojojin Afirka ta Yamma da aka kama a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira Yaƙin Hitila, mu kuma ga yadda masana suka kai ga sanin halin da suka shiga.

A watan Mayu da Yuni na 1940 Jamus ta murƙushe Faransa cikin makonni shida. A rundunar Faransa akwai baƙaƙen sojoji dubbai da ake yi wa kuɗin goro ana ce musu "sojojin Sanagal", alhali an kwaso su ne daga Sanagal, da Gini, da Kwaddebuwa, da ƙasashen da yau ake kira Mali, Burkina Faso da Benin, har da maƙwabciyarmu Nijar. Wasunsu ko zaman fursuna ba su samu ba. Jamusawa sukan ware baƙaƙe daga Turawa su bindige su nan take, kamar yadda aka yi a Chasselay, kusa da birnin Lyon, a watan Yuni na shekarar.

Turawan Faransa da aka kama an kwashe su zuwa Jamus. Amma baƙaƙe da Larabawa sai aka tsare su a sansanoni cikin Faransar, domin Jamusawa na ƙyamar su, suna kuma tsoron cututtukan ƙasashen zafi. A 1941 yawansu ya kusa 70,000, akasari daga Arewacin Afirka. An sa su noma, da saran itace a daji, da aikin masana'anta. Cikinsu har da Leopold Senghor, wanda ya zama shugaban Sanagal a 1960. Daga 1943 kuma, abin takaici, sai aka damƙa gadin da yawansu ga hafsoshin Faransa, wato mutanen da suka tafi yaƙi dominsu.

To, ina aka san abin da ke zuciyar waɗannan bayin Allah? Takardun soja sun rubuta lambar mutum, da ranar kama shi, da ranar mutuwarsa in ya mutu. Ba su rubuta yunwa ba, ko sanyin ƙanƙara a jikin wanda ya tashi a Sahel. Akasarin fursunonin kuwa ba su yi boko ba, balle su bar littafi. Shi ya sa wasu masana suka ɗauki rikoda da kaset suka bi su har gida. Wata Ba'amurkiya, Nancy Lawler, ta zauna da 'yan mazan jiya a Kwaddebuwa a shekarun 1980, ta fitar da littafi a kansu a 1992. Daga irin wannan hira aka ji labarin ƙarancin abinci, da tarin fuka da ya ci mutane, da kuma kirkin wasu matan Faransa da ke aiko musu da abinci da tufafi, wasu ma suka taimaka musu suka tsere.

Inda bambancin takarda da baki ya fi fitowa shi ne Thiaroye, wani bariki kusa da Dakar. A watan Nuwamba na 1944 aka sauke fiye da mutum 1,000 daga cikin fursunonin da aka 'yanto a can. Suka ce ba za su koma garuruwansu ba sai an biya su albashin shekarun da suka yi a tsare. Ranar 1 ga Disamba da safe aka kewaye barikin aka buɗe musu wuta. Rahotannin hafsoshi suka kira abin tawaye, wani ya ce mutum 35 suka mutu, wani ya ce 70. Aka gurfanar da 34 a kotun soja aka ɗaure su. Su kuwa ganau da iyalan mamatan ba su daina cewa kisan gilla aka yi wa masu neman haƙƙinsu ba. Sembene Ousmane ya yi fim a kan abin a 1988. Masana irin su Armelle Mabon suka koma suka tone takardun, suka ga lissafin bai haɗu ba, suka nuna mamatan za su kai ɗaruruwa. Sai a 2024, bayan shekara 80, Shugaba Macron na Faransa ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Amma fa hira da tsoho tana da ƙa'ida. Shekaru kan sa ya haɗa aukuwa biyu su zama ɗaya, ko ya manta shekara. Kunya kan sa ya tsallake abin da ya fi ci masa rai, don ba kowane namiji ne zai ce an kama shi ya yi kuka ba. Saboda haka mai bincike yakan koma sau biyu sau uku, ya ji ta bakin mutum fiye da ɗaya, ya tambayi matan gida abin da maigida ke faɗa cikin dare, sannan ya gwada duka da takarda. In tsoho ya yi shiru a kan wata tambaya, a ƙyale shi, a rubuta inda ya yi shirun.

Jama'a, wannan darasi namu ne mu mazauna Kudu. Dattawan da suka je Bama tare da runduna ta 81 da ta 82 kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, da yawansu ba a ɗauki muryarsu ba. Amma a Sabo da Zango har yanzu akwai waɗanda suka ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wasu da bindiga, wasu a tsare, wasu a kan hanyar gudu. Wayar da ke aljihunka ta isa rikoda. Je ka gaida Baba ko Alhaji bayan la'asar, ka nemi izininsa, ka rubuta rana da wuri, ka bar shi ya yi magana ba ka katse shi ba. Da ka gama, ka kawo wa ƙungiya kwafi a adana.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.