Hahoe: Tarihin Ƙauyen Zuri'ar Ryu a Koriya ta Kudu

Ƙauyen Hahoe yana yankin Andong, a lardin Gyeongsang ta Arewa, a wurin da kogin Nakdong ya lanƙwasa ya kusan kewaye shi. Zuri'ar Ryu ta Pungsan ta zauna a nan tun farkon daular Joseon, wadda aka kafa a 1392, kuma daga cikinta ne aka sami Ryu Seong-ryong (1542 zuwa 1607), babban wazirin da ya riƙe al'amuran mulki a lokacin yaƙin da Japan ta kawo wa ƙasar a 1592.

Tsarin ƙauyen shi kansa shaida ne na yadda aka raba mutane daraja-daraja. Gidajen yangban, wato masu sarauta da ilimin koyarwar Konfushiyas, suna tsakiya da rufin tayil, yayin da gidajen talakawa masu rufin ciyawa suka kewaye su. A babban gida irin Chunghyodang, na jikokin wazirin, akwai sarangchae, sashen maigida da yake karatu da karɓar baƙi kamar yadda ake yi a zaure, sannan anchae, sashen mata da ke can ciki. Ɗakunan kuwa ana ɗumama su da ondol, hanyar da hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashin daɓen dutse kafin ya fita, abin da ya sa ake zama da kwana a ƙasa. Talakawa ma ba su yi shiru ba, domin a wasan rufe fuska na Hahoe sukan yi wa yangban da malaman addinin Buda ba'a a bainar jama'a.

Abin da ya mayar da Hahoe abin nema shi ne ɓacewar irinsa. Daga 1970, shirin raya karkara na Saemaul, wanda Shugaba Park Chung-hee ya ƙaddamar, ya sa aka sauke rufin ciyawa a ƙauyuka da dama aka maye gurbinsa da kwano da makamantansa, gyaran da ya sauƙaƙa wa manoma rayuwa amma ya shafe tsohuwar kamar karkara. Gwamnati ta sanya Hahoe cikin kayan tarihin da doka ke karewa a 1984, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ziyarce shi a 1999, kuma a 2010 UNESCO ta shigar da shi, tare da ƙauyen Yangdong, cikin wuraren tarihi na duniya. Har yau 'yan zuri'ar Ryu suna zaune a cikin gidajen kakanninsu.