Tatsar Ruwan Mapul Idan Gonar Tana Nesa da Gida

Mapul bishiya ce ta ƙasashen sanyi. Ana samunta da yawa a gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka, kuma ganyenta ne ke jikin tutar Kanada. Lardin Kwibek shi kaɗai yana samar da kusan kashi 70 cikin 100 na maɗin mapul na duniya, a Amurka kuwa jihar Bamont ce kan gaba. Bishiyar ba ta yi a ƙasar Hausa domin sai inda ruwa ke daskarewa. Amma in ka taɓa ganin yadda ake dafa ruwan rake ya koma mazarƙwaila, ka san rabin aikin. Abin da za mu duba shi ne yadda mai 'yan bishiyoyi a wuri mai nisa, wanda ba ya zuwa sai ƙarshen mako, zai tatsa ba tare da ya yi asara ba.

Yaushe ruwan ke zuba?

Ruwan yana zuba ne idan dare ya yi sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 0, rana kuma ta ɗan ɗumama zuwa digiri 4 ko 7. Wannan yakan faɗo tsakanin Fabrairu da Afrilu, kuma kakar duka ba ta wuce mako 4 zuwa 6. Da zarar bishiya ta fara toho, ɗanɗanon ruwan ya ɓaci, aiki ya ƙare.

Matsalarka a nan ita ce ruwan ba ya zuba daidai kullum. Wata rana ko ɗigo babu, washegari huda ɗaya ta ba da lita 4 ko fiye. Bishiya ba ta san ranar zuwanka ba.

Lissafin da ya kamata ka riƙe

Sukarin da ke cikin ɗanyen ruwan kusan kashi 2 ne cikin 100, maɗi kuwa sai ya kai kashi 66. Shi ya sa ake bukatar kimanin lita 40 na ruwa kafin a sami lita 1 ta maɗi. Huda ɗaya a bokiti takan ba da kusan lita 40 a kaka guda. Ke nan huda 10 ta ba ka wajen lita 10 na maɗi, bayan ka ƙone lita 400 a kan wuta. Ka yi wannan lissafin kafin ka ɗauki abin huda, domin itacen girki da lokacin zama gaban wuta su ne iyakarka.

Yadda ake hudawa

Kada ka taɓa bishiyar da kaurinta bai kai santimita 25 ba a daidai ƙirjinka. Sai ta kai santimita 45 a yi mata huda biyu. Faɗin ramin milimita 8, zurfinsa santimita 4 zuwa 5, a ɗan karkata shi sama don ruwa ya gangaro. Ka buga bututun a hankali, in ka matsa ɓawon zai tsage ya riƙa yoyo. Kowace shekara sabon rami ake yi, nesa da tsohon da aƙalla santimita 15.

Kada ɗoki ya sa ka huda da wuri. Rami yakan bushe bayan 'yan makonni, saboda ƙwayoyin cuta da kuma warkewar bishiyar. Ka bi hasashen yanayi, ka huda a zuwan da ya zo daf da makon da ake sa ran daren sanyi da rana mai ɗumi.

Ajiya, inda asarar take

Ruwan mapul kamar madara yake. In ya ji ɗumi sai ya yi gurɓi-gurɓi, ya yi tsami, wani lokaci har yauƙi. In yana ƙasa da digiri 3, zai iya kai kwana 7. Ga dabarun da ake bi:

1. Ka bar ƙaramin bokitin da ake ratayawa a jikin bishiya. Ka ja siririn tiyo daga bututu zuwa bokiti mai lita 20 da ke ƙasa, mai murfi, ramin shigar tiyon daidai jikinsa don kada ruwan sama ko ƙwari su shiga.
2. Ka ajiye bokitin a gefen inuwa, wato arewacin bishiya, ka tara masa dusar ƙanƙara har wuya. Farin bokiti ya fi baƙi, don ba ya jan zafin rana.
3. In wurin gangare ne, ka haɗa bishiyoyi da yawa a tiyo ɗaya ya sauka cikin babban duro. Ka duba tiyon kowane zuwa, kurege yana gatsa shi.
4. Mazubin abinci kaɗai za ka yi amfani da shi. Duron da ya taɓa ɗaukar mai ko maganin feshi ba ya wankuwa.
5. In ka tarar da ƙanƙara a saman bokiti, cire ta ka yar. Yawancinta ruwa ne zalla, sukarin ya rage a ƙasa, ka ga ka rage wa kanka itace.

Ranar da ka zo

Ka duba kowane bokiti da ido da hanci kafin ka haɗa su. Mai kyau garau yake kamar ruwan sha. Wanda ya yi tsami ka zubar, kada ka ji tausayinsa, bokiti ɗaya yana iya ɓata na sati guda. Ka wanke mazuban da ruwan zafi kafin ka mayar.

Ka dafa a waje cikin faffaɗan kasko, don tururin yana da yawa. In lokaci ya ƙure, ka dafa ya ragu sosai, ka sa a firiza, ka ƙarasa wani zuwan. Maɗi ya nuna idan zafinsa ya ɗara na tafasar ruwa da digiri 4, wato wajen 104. Ka tace shi da zafinsa don cire yashin sukari, ka ɗura a kwalba yana kan digiri 82 zuwa 85, ka rufe nan take.

In mako ya yi ɗumi kuma ba za ka samu zuwa ba, babu dabarar da za ta ceci ruwan sai hannun mutum. A nan haɗin gwiwa ke da amfani: maƙwabci ya kwashe ya dafa ku raba maɗin, ko ka sayar wa mai babban kasko da ɗanyen ruwan.

Abin da ya shafe mu

Mai tsaga dakwara a Yobe ko Jigawa yana da sauƙi ɗaya, ƙaro yana bushewa a jikin bishiya ya jira shi makonni. Ruwan rake kuwa, kamar na mapul, ba ya jira. Kafin ka fara tatsar duk wani abu mai zaƙi a gona mai nisa, ka tambayi kanka kwana nawa zai yi bai lalace ba, kwana nawa za ka yi ba ka zo ba, kuma wa zai tsaya maka a tsakani. In ba ka da amsar ta uku, ka rage yawan hudar zuwa abin da za ka iya dafawa a yini guda.