Abin da ke ƙarƙashin ruwan Port Sudan

Jama'a, tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023 gwamnati ta koma Port Sudan, ba ma jin sunan garin sai da labarin jirage marasa matuƙa da 'yan gudun hijira. Alhali gari ne da ya shafe mu. Tsofaffinmu na ƙasar Garki da Ringim da suka tafi Makka a ƙasa, a wannan gaɓar suka jira jirgin Jidda, wasu a Sawakin, wasu a Port Sudan. Da yawa guzuri ya ƙare suka zauna, jikokinsu na nan suna jin Hausa.

Asalin garin ma murjani ne sila. Ba na wuyan mata ba, danginsa: wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu gina dutse a cikin teku. Shi ya matse mashigar Sawakin har manyan jirage suka kasa shiga, Ingilishi suka fara gina sabuwar tasha a 1905.

Ranar 10 ga Yunin 1940 sojan ruwan Ingila na tsare da wani jirgin Italiya, Umbria, a bakin garin. Kyaftin ɗin ya ji a rediyo ƙasarsa ta shiga yaƙi, sai ya nutsar da jirgin da gangan don kada kayan su faɗa hannun maƙiya. Bama-bamai wajen 360,000 ne a ciki, kuma har yau suna nan kwance. A 1963 kuma Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10.

Daga nan masu nutso suka gano wurin. Kafin yaƙi, jirgi ake shiga a yi mako guda, a ci a ciki a kwana a ciki. Bayan magariba su goya tukunyar iska, tocila a hannu, su faɗa ruwa. Wallahi ni ko kududdufi ba na shiga da dare! Amma suna da dalili: murjanin da yake kamar busasshen dutse da rana, da dare yake buɗewa ya miƙo hannuwa yana kamun abinci, wani kifin kuma ya lulluɓe kansa da yauƙi ya yi barci.

Abin da ke ci mini rai, kusan kowane ɗaki na Umbria an ɗauki hotonsa, an san ranar da ya nutse. Alhazanmu da suka ratsa saman ruwan nan kuwa, sai ɗan abin da jika ya tuna.

Yaƙi ya tsayar da jiragen nutson. Matuƙa, masu girki, masu cika tukwanen iska, duk sana'a ta mutu. Allah Ya kawo wa Sudan sauƙi.