Daga Majigi Zuwa Waya: Tarihin Kallo a Idon Bakabe

Abin da zan yi bayani a kai ya samo asali ne daga wani ɗan aiki da na ɗora wa kaina a hutun ƙarshen zangon da ya wuce, watau in riƙa kallon finafinan da mutanen garinmu Gulma suke kallo, in kuma rubuta ra'ayina game da kowanne. Ban yi nisa ba na lura cewa sharhin fim guda guda ba zai gamsar ba, sai an san yadda kallon kansa ya zo ƙasarmu, da wanda ya kawo shi, da abin da yake nema a wurinmu. Domin kuwa tun ran da hoto mai motsi ya fara sauka a ƙasar Kabi, baƙo ne, kuma har gobe bai zama ɗan gari ba.

Kalmar majigi an aro ta ne daga sunan da Turawa suke kiran wata fitila mai haska hoto a bango. Wani jami'in kiwon lafiya a Ikko mai suna William Sellers shi ne ya fara amfani da fim don koyar da tsafta, tun wajen ƙarshen shekarun 1920, lokacin da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta addabi birnin. A shekarar 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, gwamnatin Ingila ta kafa sashe na musamman na yi wa ƙasashen da take mulka finafinai, ta kuma ba Sellers shugabancinsa. Daga nan ne motocin majigi suka bazu, kowace da injin wutarta da farin ƙyallenta da lasifikarta. En'e ce ke sanar da zuwansu, a share fili, yawanci a ƙofar fadar hakimi, a jira duhu ya yi. Ba a biyan ko anini.

Shi Sellers yana da wani ra'ayi game da mu wanda ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A ganinsa, baƙar fata na ƙauye ba zai iya bin fim mai sauri ba, saboda haka ya ce a riƙa ɗaukar hoto a hankali, kada a yi tsalle daga wuri zuwa wuri, kada kyamara ta yi ta yawo. Akwai wani labari da Turawan wannan sashe suka daɗe suna bayarwa don kafa hujja. Wai an nuna fim na tsaftar gida, da aka gama aka tambayi 'yan kallo abin da suka gani, sai suka ce kaza, alhali kazar gilmawa kawai ta yi a gefen hoto, masu ɗaukar fim ɗin ma ba su lura da ita ba. Turawa suka ce wannan alamar duhun kai ce. Ni kuwa a nawa ganin, mutumin da aka zaunar aka yi ta nuna masa yadda ake zubar da ruwan kasko, abin da ya sani tun yana goye, idan ya zaɓi kallon kaza to sharhi ya yi. Ya faɗi abin da ke da rai a fim ɗin, ya yi shiru game da sauran, kuma shirun nan ma magana ce.

Mutumin da ya fi kowa muhimmanci a filin majigi shi ne tafinta, mai riƙe da abin magana. Yawancin finafinan nan ba su da magana da Hausa, don haka duk abin da jama'a suka fahimta daga bakinsa ya fito. Wani kawuna da ya riski majigi yana yaro ya shaida mini cewa ya manta kusan dukkan hotunan, amma bai manta da barkwancin mai bayanin ba, yadda yakan laƙa wa mutanen cikin hoto sunaye, ya yi wa malalacin manomi zambo har mata su riƙa guɗa. Sau da yawa tsarin labarin iri ɗaya ne: ga mai wayo da ya bi shawarar malamin gona ko malamin asibiti ya ci riba, ga wawa da ya ƙi ya sha wuya. Baban Larai, na shekarar 1955, wanda ya yi suna ƙwarai a Arewa, noman zamani yake koyarwa. Da mulki ya fara dawowa hannun 'yan ƙasa, sai majigi ya koma nuna rangadin Sardauna Ahmadu Bello, da buɗe masaƙu da gadoji, da hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. Mai motar ya sake, amma har yanzu gwamnati ce ke magana, talaka yana zaune a ƙasa yana saurare.

Silima ta kuɗi kuwa abin birni ce, kuma tarihinta a Kano ya fi fitowa fili, musamman saboda binciken Brian Larkin da aka buga a 2008. Kwarori 'yan Labanan ne suka mallaki gidajen farko. An buɗe Rex a 1937, sannan El Duniya ta biyo baya. Malamai ba su yi na'am da abin ba, har ana kiransa dodon bango. Ranar 13 ga watan Mayu 1951 gobara ta tashi a El Duniya, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa suka ce fushin Allah ne. Duk da haka aka gina Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, abin da ya jawo ƙorafi mai yawa. Tun daga lokacin sunan ɗan silima ya ɓaci, aka jera shi da ɗan caca da mashayi, mace mai mutunci kuwa ba ta taka wurin. A waɗannan gidaje ne finafinan Indiya suka kori na kaboyi, har Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi. A nan ma 'yan kallo sun yi sharhinsu da baki, ta hanyar laƙabi: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Wanda ya iya raɗa wa ɗan wasa suna irin wannan, ai ya gama nazarinsa.

To, a nan ne zan zo kan abin da ya fi ci mini rai. A tsakanin majigin gwamnati da silimar Kwarori an sami wani ɗan lokaci, a shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya sa gwamnatoci suka yi sha'awar yin manyan finafinai na tarihi da Hausa. Gwanin wannan fage shi ne Alhaji Adamu Halilu. A 1976 ya yi Shaihu Umar, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka riga suka mai da shi wasan kwaikwayo, kuma Umaru Ladan ɗin ne ya fito a matsayin Shaihu. An yi shi ne domin bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Ikko a 1977. Bayansa, a 1978, sai ya yi Kanta of Kebbi, tare da taimakon gwamnatin Jihar Sakkwato, wadda a lokacin mu ma muna cikinta, tun da ba a yanke Jihar Kebbi ba sai ranar 27 ga watan Agusta 1991.

Duk Bakabe ya san abin da wannan suna yake nufi. Muhammadu Kanta shi ne ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sanwai wajen shekarar 1516, bayan sun saɓa a kan rabon ganimar yaƙin Azbin, kamar yadda Tarihus Sudan ya kawo. Ya gina Surame, wadda ganuwarta ta dutse tana nan har yau a cikin Jihar Sakkwato, ya kuma kara da Barno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ba da labarinsa a Infaƙul Maisuri. Daga zuriyarsa sarautar Kabi ta gangaro zuwa Birnin Kabi, wanda masu jihadi suka ci a 1805, sannan ta dawo Argungu, inda Yakubu Nabame ya ta da tutar tawaye a 1849, aka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa. Bikin kamun kifi da duniya ta san mu da shi ma, asalin shahararsa ziyarar sulhu ce da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo Argungu a 1934. Ga tarihi mai cike da dawakai da jiragen ruwa da ganuwa da cin amana, duk abin da mai shirya fim yake nema. An kuwa yi fim ɗin. Amma a tsawon hutun nan na tambayi samari a Gulma, na tambayi masu tura finafinai a waya a Argungu da Birnin Kabi, ban sami ko mutum ɗaya sa'ana da ya taɓa ganinsa ba. Akasarinsu ma ba su taɓa jin an yi shi ba. Wani mai shago har ya duba kwamfutarsa, ya ce yana da finafinan Indiya da aka fassara da Hausa fiye da yadda zai iya ƙirgawa, in zaɓi wanda nake so.

Abin da ya biyo bayan zamanin Adamu Halilu sananne ne, ba sai na tsawaita ba. Tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, fim na silima ya gagari kowa, bidiyo ya maye gurbinsa. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, Sangaya ya zo a 1999 da rawa da waƙa irin na Indiya, kasuwa ta buɗe. A wannan shekara ta 1999 ne Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim, aka fara samun sharhin finafinan Hausa a rubuce a kai a kai, sannan Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. A garuruwa irin namu, gidan kallo mai janareta da benci ya yi zamaninsa, daga kaset zuwa faifai, har waya ta zo ta raba taron. Yanzu bayan sallar isha'i sai ka ga samari uku ko huɗu sun haɗa kai a kan waya guda a bakin shago, matan aure kuma, waɗanda silima ta haramta gare su shekara da shekaru, su ne manyan 'yan kallo a cikin ɗakunansu. Wannan canji ne babba, kuma ban ga an ba shi haƙƙinsa a rubuce-rubucenmu ba.

Game da abin da na kalla kuwa, gaskiya ba zan rage wa masu finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So ƙoƙarinsu ba. Sun iya riƙe mai kallo, sun iya tsayar da labari a daidai inda zai hana ka barci. Amma duniyar da ke cikin yawancin abin da na gani ta falo ce da mota da ofis. Na kammala hutu ban ga fadamar shinkafa ba, ban ga masunci da gora da homa ba, ban ga ambaliyar da takan cinye mana gonaki ba, alhali waɗannan su ne rayuwar masu sayen datar da ake kallon da ita. Harshe kuma Kananci ne zalla. A 'yan wuraren da na ji an ce "mi kac ce" ko "munka tai", a bakin maigadi ne ko baƙauye, don a yi dariya. Abin mamaki, mu ma muna dariyar. A da tafintan majigi yana fassara mana baƙon hoto da irin bakinmu, yanzu kuwa hoton da Hausa yake magana, amma ba tamu ba.

Akwai dalilin da ya sa ban yanke ƙauna ga fim ɗin Kanta ba. Shi ma Shaihu Umar an daɗe ana ɗauka ya ɓata, sai a 2016 aka gano shi cikin gwangwanaye a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Wata cibiya mai suna Arsenal a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin a 2018, shekara 42 bayan yin sa. Sai dai fim na gwangwani ba ya jira. Zafi da laima suna cin sa, ya fara warin tsami, ya manne, daga nan ba mai iya ceto shi. Haka su ma tsofaffin da suka zauna a filin majigi, kullum raguwa suke yi.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya tamu ta rubuta wa Hukumar Finafinai takarda a tambayi inda Kanta of Kebbi yake da halin da yake ciki, malamanmu kuma su sa mana hannu don takardar ta yi nauyi. 'Yan'uwana na Argungu da Augie da Gwandu da Birnin Kabi kuwa, idan hutu mai zuwa ya zo, kowa ya zauna da dattijo ɗaya a garinsu ya naɗi muryarsa da waya: a wane fili ake kafa majigi, wa ke yin bayani, me aka nuna, mata suna zuwa ko ba sa zuwa, kuma me jama'a suke cewa a hanyar komawa gida.