Lissafin Bayes a ƙirƙirarriyar basira

Lissafin Bayes hanya ce da na'urori masu ƙirƙirarriyar basira ke bi wajen yanke hukunci idan bayanan da ke gabansu ba su cika ba. Maimakon na'ura ta ce abu gaskiya ne ko ƙarya kai tsaye, sai ta ba shi ƙimar yiwuwa tsakanin 0 da 1, ta riƙa gyara ƙimar duk lokacin da sabuwar shaida ta zo.

Tarihi

Sunan ya samo asali ne daga Thomas Bayes, wani limamin coci ɗan Ingila da ya rasu a 1761. Abokinsa Richard Price ne ya fitar da rubutunsa a 1763. A shekarun 1970, manhajar MYCIN ta Jami'ar Stanford a Amurka ta yi amfani da wani ma'auni daban, daga -1 zuwa +1, wajen gano cututtukan jini. A 1985 Judea Pearl ya gabatar da ragar Bayes, wato zane mai nuna yadda sanadi ke haɗe da sakamako, kuma ya samu lambar yabo ta Turing ta 2011.

Yadda yake aiki

A ɗauka cuta tana kama mutum 10 cikin 1,000. Gwaji yana gano 9 daga cikin marasa lafiyar, amma yana nuna cutar bisa kuskure a jikin 99 daga cikin masu lafiya 990. Ke nan mutum 108 gwajin zai nuna, alhali 9 ne kaɗai ke ɗauke da ita, kusan kashi 8 cikin 100. Na'urar da ta manta da ƙarancin cutar tun farko za ta sa a ba masu lafiya magani.

A fannin harshe

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka kalmar "gari" tana iya nufin wurin zama ko niƙaƙƙen hatsi. Idan manhajar fassara ta ga "tankaɗe" a kusa, yiwuwar ma'ana ta biyu kan ƙaru.

Matsaloli

Sakamakon ya dogara ne da ƙimar farko da aka ɗora. Idan bayanan da aka horar da na'urar da su kaɗan ne ko sun karkata, tana iya nuna tabbaci mai yawa a kan amsar da ba daidai ba.