Diwali: Fitila a Daren da Babu Wata

Wanda ya saba kallon finafinan Indiya ba zai rasa ganin inda ake jera ƙananan fitilun kasko a bakin ƙofa da kan katanga ba, masu kama da aci-bal-bal ɗinmu. Wannan shi ne Diwali. Asalin sunan Dipawali ne, wato "jerin fitilu" da harshen Sanskirit. Ana yin sa tsakanin Oktoba da Nuwamba, a daren da wata ya ɓace, duhu ya kai matuƙa.

Bikin ya daɗe ƙwarai. Shehun malamin nan Albiruni ya ambace shi cikin littafin da ya rubuta kan Indiya wajen shekarar 1030. To amma in ka tambayi dalilinsa, amsar ta danganta da garin da ka sauka. A Arewacin Indiya za su ce maka Rama ne ya komo birnin Ayodhya da matarsa Sita bayan shekara 14 a daji, ya riga ya kashe Rawana sarkin Lanka, mutanen gari suka kunna fitilu don tarbarsa. A Kudu kuwa Krishna ake tunawa, wanda ya halaka azzalumi Narakasura. Fatake su Lakshmi suke jira, abar bautarsu ta arziki. A Gujarat har sababbin littattafan lissafi suke buɗewa.

Ba 'yan Hindu kaɗai ba. Mabiya Jain sun ce a daren ne malaminsu Mahawira ya bar duniya, aka kunna fitilu a madadin hasken iliminsa da ya gushe. Sikhawa kuma suna tuna shugabansu Hargobind, da sarki Jahangir ya sako daga kurkukun Gwalior wajen 1619. An ce ya ƙi fita sai da aka haɗa shi da sarakuna 52 da ke tsare tare da shi.

A ganina labarin Jain ya fi kusa da abin da malaman Hindu kansu ke faɗi. A wurinsu duhun nan jahilci ne, wato mutum ya ɗauka jikinsa da dukiyarsa su ne shi, ya manta ruhin da suke kira atman. Shi ya sa tun kafin a kunna lagwani ake share gida, a yi wanka, a ziyarci dangi da maƙwabta da kayan zaƙi. Wasan wuta da ke cika Delhi da hayaƙi yau, daga baya ya shigo.