Kaboyi a Gindin Dutsen Zuma

Kalmar kaboyi ta daɗe da zama 'yar gida a bakin Bahaushe, har ma yaron da bai taɓa shiga silima ba yakan san cewa ana nufin mutum mai malafa da doki da ƙaramar bindiga a ƙugu. Amma idan muka bi salsalarta, za mu tarar asalin kaboyi makiyayi ne, ɗan ƙwadago mai kora shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas. Wannan sana'a ta yi tashe ne daga 1866 zuwa shekarun 1880, wato shekara ashirin ko makamancin haka, kafin waya mai ƙaya da layin dogo su kashe ta. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan makiyaya baƙar fata ne, abin da ba kasafai allon silima ya nuna mana ba.

Ta Kano wannan baƙo ya fi samun ƙofar shigowa ƙasar Hausa. A 1937 aka buɗe silimar Rex, kuma 'yan kasuwa Kwarori ne suka riƙe ragamar harkar. Malamai da dattawa ba su yi maraba da ita ba, suna ganin matattarar 'yan iska ce. Da gobarar silimar El Duniya ta auku a watan Mayu na 1951, ta ci mutum 331, mutane da dama sun ɗauke ta ishara ce daga Allah. Duk da haka samari ba su fasa zuwa ba, domin a allon nan suna ganin abin da suka riga suka san darajarsa: doki, da sukuwa, da namiji mai tsayawa shi kaɗai a fagen fama. Rashin jin Ingilishi bai hana kowa komai ba. Da zarar an gane akta, an gane bos, sauran labari bindiga ce ke ba da shi.

Iyayenmu John Wayne suka sani, mai tafiyar ƙasaita, wanda Stagecoach na 1939 ya fito da shi, da kuma Gary Cooper na High Noon, fim ɗin 1952, inda gari duka ya juya wa jarumi baya. Mu kuwa da muka tashi a Suleja lokacin bidiyo da gidajen kallo, kaboyin Italiya muka fi sha'awa. A Sifen Sergio Leone ya ɗauki yawancin finafinansa, ya ba mu Clint Eastwood mai taunar sigari da ƙarancin magana. A ganinmu, a The Good, the Bad and the Ugly na 1966, Lee Van Cleef mai idon shaho da Eli Wallach sarkin dabara sun fi Eastwood cika allo, ko da yake mun san abokanmu ba za su yarda ba. A wannan shekarar ce kuma Franco Nero ya fito a Django yana jan akwatin gawa cikin taɓo, ashe babbar bindiga ce a ciki. Sunan Jango ya bi samari da yawa har girma. Ko da finafinan Indiya suka ƙwace kasuwa, kaboyi bai mutu ba, riga ya sake: duk wanda ya kalli Sholay na 1975 ya ga kaboyi a jikin Amitabh Bachchan da Dharmendra, ya ga bos a jikin Amjad Khan.

Makwabtanmu na Nijar sun riga mu tunani a kan lamarin. A 1966 Moustapha Alassane ya shirya Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sake sunaye, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu da sata da duka, har wasa ya kai ga zubar da jini. Zalika Souley da Djingarey Maïga suna cikin 'yan wasan. Alassane ya hango abin da kwaikwayo ba tare da tunani ba yake haifarwa, ya kuma faɗe shi cikin raha.

Akwai wani abu da yake ci mana tuwo a ƙwarya idan muka tuna. Duk lokacin da sojan doki suka busa ƙaho suka auka wa Jajayen Indiyawa, tafi muke yi da sowa. Ba mu san cewa masu ƙasa ne ake kora daga ƙasarsu ba. Kisan gillar da aka yi wa 'yan ƙabilar Lakota a Wounded Knee a 1890 ne, kuma shekara 13 kacal bayan haka, a 1903, sojojin Ingila suka ci Kano. Ashe kakanninmu sun fi kusa da wanda ake harbi bisa ga mai harbin.

Mu mutanen Suleja abin ya fi shafarmu. Dutsen Zuma, da yake tsaye shi kaɗai a sarari, yakan tuna mana duwatsun Monument Valley, ƙasar 'yan ƙabilar Navajo, inda John Ford ya ɗauki The Searchers na 1956. Kakanninmu Zage-zagi sun baro Zariya bayan jihadi, suka sauka cikin Gbagyi da Koro, har Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Da gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, masarautar ta ba da ƙasa, ta ba da har sunanta, ta koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ƙauyukan Gbagyi da dama kuwa aka tashe su daga gonakin kakanninsu domin a shimfiɗa tituna, kuma har yau maganar diyya da sake tsugunarwa ba ta mutu ba.